Hukuncin Farautar Barewa da Almuru a Lokacin Barbara

Tambaya: Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Ni maharbi ne, kuma barewa ta fi fitowa kiwo gab da faɗuwar rana, musamman a lokacin barbara da mazan ke bin matan har su manta da tsoro. Shin ya halatta in harbe ta a wannan yanayin?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Farauta halal ce ga wanda bai yi harama da aikin Hajji ko Umara ba, kuma ba a cikin Harami yake ba, domin Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2: "Idan kun fita daga harama, to, ku yi farauta." Babu nassin da ya hana ta da yamma, ko ya keɓe lokacin barbara da haramci, matuƙar don nama ake yi, domin malaman Malikiyya sun karhanta farautar da ba a nufi komai da ita ba sai nishaɗi.

Sai dai almuru yana da tarkonsa. Maharbi zai harbi barewa, ta zabura da rauni ta faɗa kurmi, duhu ya rufe sawun jini, sai da safe ya iske ta matacciya. Mashhurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne abin da ya kwana ba ka gan shi ba, ba a cinsa, ko da yake Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala cewa wasu sun yi rangwame idan aka sami kibiyar a makasarta. Wasu malaman kuma sun riƙi hadisin Abu Sa'alaba da Muslim ya ruwaito, cewa a ci ko bayan kwana 3 muddin naman bai yi wari ba. Idan kuwa a ruwa ka same ta, kada ka ci, domin Annabi (SAW) ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatim cewa bai san ko ruwan ne ya kashe ta ko kibiyarsa ba. Saboda haka, ka yi bismilla yayin harbi, kada ka danna kunamar bindiga sai ka tabbatar da abin da ke gabanka, domin an sha harbin mutum a dishi-dishin magariba, kuma idan ka riske ta da rai dole ne ka yanka. Kada bin sawu ya sa sallar Magariba ta kuɓuce maka.

Abin da ya fi damuna shi ne matan. Wanda ya kashe barewa mai ciki ko mai shayarwa ya kashe fiye da rai guda, domin ɗan da ta ɓoye a cikin ciyawa yunwa ce za ta ƙarasa shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga tsuntsuwa tana shawagi saboda an ɗauke 'ya'yanta biyu, sai ya yi umarni a mayar mata da su, kuma Allah Ya zargi mai halaka shuka da zuriya a Suratul Baƙara, aya ta 205. Don haka ina ganin ka bar matan baki ɗaya a wannan lokacin, ka taƙaita ga namiji gwargwadon buƙatarka.

Idan kuma hukuma ta rufe farauta a waɗannan watanni don kada dabbobin su ƙare, bin dokar wajibi ne saboda maslahar jama'a. Wanda ya karya ta ya yi laifi, amma namansa bai zama mushe ba idan sharuɗɗan sun cika.

Wallahu a'alam.