Dalilin da ya sa Sophie ta harbe iyayen gidanta a fim ɗin La Cérémonie

Salamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa Sophie, 'yar aikin fim ɗin La Cérémonie, ta hallaka iyayen gidanta, alhali ba su taɓa dukanta ko danne mata albashi ba. Na daɗe ina bin finafinan Claude Chabrol, daraktan fim ɗin, kuma kusan duk wanda na kalli wannan tare da shi, a nan yake cijewa. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan taɓo ƙarshen labarin.

Fim ɗin ya fito a 1995. Chabrol ya ɗauko labarin daga littafin Ruth Rendell na 1977, ya ɗauke shi daga Ingila zuwa yankin Bretagne na Faransa. Da gangan ya sa iyalan Lelièvre, iyayen gidan Sophie, suka zama masu kirki. Sun ba Sophie ɗaki da talabijin, maigidan har ya nemi a duba mata ido. Da mugaye ne, da mun ce alhaki ne ya kama su, mu tashi hankali kwance.

Abin da ke cin Sophie shi ne ba ta iya karatu ba, kuma ta fi son komai ya lalace da a gane. Gidan kuwa cike yake da littattafai. Uwargida ta bar mata saƙo a rubuce, maigida ya bugo waya a nemo masa takarda a kan teburinsa. A wurinsu ƙaramin aike ne, ita kuwa kullum asirinta na bakin tonuwa, kuma babu wanda ya dube ta da kyau har ya lura. Ranar da Melinda, 'yar gidan, ta gano, cikin tausayi ta ce za ta taimaka. Wannan tausayin ne ya fi yi wa Sophie ciwo, domin daga sama yake saukowa, ya tuna mata matsayinta. Nan take ta yi barazanar tona cikin da Melinda ke ɓoyewa, aka sallame ta daga aiki.

Ita kaɗai, ina ganin da ta haɗiye. Ƙawarta Jeanne, ma'aikaciyar gidan waya, wadda Isabelle Huppert ta fito a matsayinta, ita ta rura wutar. Tana ganin wasiƙun masu kuɗi suna wucewa ta hannunta, maigidan ya zarge ta da buɗe nasa, ya kuma hana ta shiga gidansa. Ita da Sophie sun ɗauko bindigogin farautarsa ne a daren da iyalin suka zauna kallon wasan waƙar Mozart a talabijin.

Faransawa na da tsohon tabo a nan. A 1933, a garin Le Mans, 'yan aiki biyu 'yan uwan juna, Christine da Léa Papin, suka kashe uwargidansu da 'yarta, marubutan ƙasar kuma suka shafe shekaru suna gardama ko hauka ne ko gabar talaka da mai kuɗi. Ni dai ban wanke Sophie ba, har yaron gidan suka harbe, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Idan za ki sake kallo, ki sa ido kan yadda iyalin ke tattauna sabuwar 'yar aikinsu a teburin cin abinci, kamar masu taya kaya a kasuwa.