Fatawa: Labarin Galileo, Juyawar Ƙasa, da Wanda Ya Kafirta Ɗan'uwansa a Kai

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗalibin kimiyya ne a jami'a. Malaminmu ya ba mu labarin Galileo da yadda coci ta hukunta shi don ya ce ƙasa ce ke kewaya rana, ya ƙara da cewa haka addini yake da ilimi a ko'ina, ba sa ga maciji. Da na kai maganar majalisarmu, wani abokina ya ce cocin ce ke da gaskiya, tunda Alƙur'ani ya ce rana tana gudana, kuma duk wanda ya yarda da maganar Galileo ya kafirta. Malam, mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, karanta wannan ilimi halal ne, yarda da cewa ƙasa tana juyawa tana kewaya rana ba ya taɓa imaninka, kuma kafirta Musulmi a kan haka haramun ne. Malaminka da abokinka duk sun zarce iyaka, kowa ta nasa gefen.

Mu fara da abin da ya faru. Galileo mutumin Italiya ne, an haife shi a Pisa a 1564. A farkon 1610 ya ɗaga madubin hangen nesa sama ya ga watanni huɗu suna kewaya tauraron Mushtari, daga baya ya ga Zara tana cika tana raguwa kamar wata. Wannan ya ƙarfafa masa ra'ayin masanin taurari Kofanikus, ra'ayin da aka buga a 1543, cewa rana ce a tsakiya. A 1616 hukumar cocin Katolika ta haramta ra'ayin. A 1632 ya fitar da littafi yana kare shi, a 1633 kotun aƙida ta Rum ta tilasta masa janye maganarsa yana ɗan kusan saba'in, aka yi masa ɗaurin talala har ya mutu a 1642. A 1992 Fafaroma John Paul na biyu ya amince a fili cewa alƙalan sun yi kuskure.

To, me cocin take karewa? Tsarin da ya sa ƙasa a tsakiya, sammai suna zagaya ta falaki bisa falaki, na Girkawa ne, na Aristotil da Batlaimus mutumin Iskandariya wanda ya rayu a ƙarni na 2 miladiyya. Malaman coci sun gaje shi, suka fassara littafinsu a kansa tsawon ƙarnoni, har suka daina rarrabe maganar littafin da fassararsu. Wannan ita ce cutar, kuma ita nake ji wa abokinka tsoro, wato mutum ya ɗauki fahimtar ɗan Adam ya ɗora ta a kujerar wahayi. A yi adalci kuma: Galileo bai zo da hujja yankakkiya a zamaninsa ba, dalilin da ya kafa da tumbatsar teku kuskure ne, awon da ya rufe bakin gardama sai daga baya ya zo, har zuwa 1838 da 1851. Amma raunin hujjar mutum ana amsa shi da hujja, ba da kotu ba.

Da maganar malaminka ƙa'ida ce, da ba a sami Ibnun Nafis ba. Faƙihi ne Bashafi'e, kuma babban likita a Alƙahira, ya rasu a 1288. Likitoci sun yi sama da shekara dubu suna maimaita maganar Jalinus, likitan Girkawa, cewa jini yana ratsa wasu ƙananan kafofi a bangon da ya raba zuciya biyu. Shi ya ce babu kafofin, jini yana fita daga ɓangaren dama ya bi ta huhu ya dawo hagu. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rushe ra'ayin cewa ido ne ke fitar da haske, ya nuna da gwaji cewa haske ne ke shiga ido, ya kuma rubuta littafi guda a kan shakkunsa game da Batlaimus ɗin nan da coci za ta kare bayan shekara ɗari shida. Ibnush Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa fitar da lokutan salla a masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, kuma lissafinsa na tafiyar wata ya yi daidai da wanda aka gani daga baya a wurin Kofanikus. Albashin masallaci yake ci yana gyara falakin Girkawa.

Duk da haka, laifi tudu ne, ba zan taka namu in hango na wasu ba. Ibnu Rushd, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike irinmu wanda har yau muke karatun fiƙihunsa, an kore shi a 1195 aka ƙona littattafansa na falsafa. Gidan duban taurari na Taƙiyyuddin a Istanbul an rushe shi a 1580, 'yan shekaru da gina shi, da umarnin Sarkin Musulmi Murad na uku. Abin takaici ne ƙwarai, siyasar fada da hassada sun yi aiki a ciki, kuma ayyukan mutane ba su zama hujja a kan shari'a ba.

Yanzu ga ayar. Allah Ta'ala ya ce a Suratu Yasin, aya ta 38, rana tana gudana zuwa matabbatarta. Mun yi imani da haka ba tare da kokwanto ba. Amma ayar ta tabbatar wa rana tafiya ne, ba ta ce ƙasa a tsaye take ba, ba ta ce rana ce ke kewaya ƙasa ba. Masana taurari na yau su ma sun ce rana tana gudu, tana kewaya tsakiyar gungun taurarin da muke ciki da saurin da ya haura kilomita 200 a daƙiƙa ɗaya. A Suratul Anbiya, aya ta 33, bayan ambaton dare da yini da rana da wata, Allah ya ce kowanne a cikin falaki yake iyo. Faɗin cewa rana ta fito ko ta faɗi kuwa magana ce a kan abin da ido ke gani, da shi shari'a ta rataya lokutan salla da buɗa baki, har gobe masanin taurari haka yake faɗa. Ibnu Hazmin Andalus, wanda ya rasu a 456 Hijiriyya, ya riga ya kafa hujja da aya ta 5 a Suratuz Zumar, mai maganar naɗa dare a kan yini, cewa ƙasa dunƙulalliya ce.

Ƙa'idar da malamai suka tafi a kai ita ce: nassi ingantacce mai yankakkiyar ma'ana ba ya karo da abin da hankali da gani suka tabbatar tabbaci na yanke. In an ga kamar sun yi karo, to ko dai nassin bai inganta ba, ko fahimtarmu ce ta gaza, ko abin da ake kira kimiyyar zato ne bai kai tabbaci ba. Imamul Gazali ya yi magana mai nauyi a nan. Ya kawo misalin husufi, ya ce wanda ya ƙaryata lissafinsa da sunan kare addini ya cuci addinin, domin masanin da ke iya faɗin lokacin husufi kafin ya auku ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Ina ganin wannan da idona a cikin yaranmu masu karatun kimiyya, kuma yana yi mini ciwo. A hadisin barbarar dabino da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wa sahabbai: ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku.

Akwai malamai na kirki a ƙarnin da ya gabata da suka fahimci cewa ƙasa a tsaye take. Ijtihadi suka yi, muna roƙa musu rahama, ba ma bin su a wannan.

Iyakar da zan sa maka guda ce. Ka rarrabe abin da aka auna da aƙidar wanda ya auna. In malami ya ce ƙasa tana kewaya rana a kwana 365 da kusan rubu'i, karɓa. In ya ɗora da cewa saboda haka babu Mahalicci, wannan ba daga madubi ya hango shi ba, ra'ayinsa ne. Galileo kansa Kirista ne mai imani da Ubangiji har ya mutu.

Abokinka kuwa ka je masa da taushi, ku biyu, ba a gaban majalisa ba. Ka tuna masa hadisin Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Wajibi ne ya janye, ya nemi gafarar Allah, ya kuma faɗi janyewar a gaban waɗanda suka ji shi ya yi hukuncin.

Allah ne mafi sani.