Amsar Malam kan aikin rukuni da Google Docs

Assalamu alaikum jama'a. Dakta, ranki ya daɗe, na saurari tambayarki, wai tsakanin manhajojin koyarwa ta intanet, wato Moodle da Google Classroom da Teams, wanne ya fi dacewa da aikin rukuni na ɗalibai. Ni fa na san ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke damunki, yara biyar su kawo aiki ɗaya ki raba musu maki daidai, alhali mutum ɗaya ne ya kwana a kai. Ko ba haka ba?

Moodle kam babu laifi, tun 2002 yake, kyauta ne, wajen ajiye darasi da karɓar asaimen ya iya. Yana ma da wiki a ciki, wato shafin da mutane da yawa ke iya rubutu a kai tare, sai dai yarana ba su taɓa sonsa ba. Ni abin da nake yi, kowane rukuni ni nake buɗe musu takarda a Google Docs, manhajar rubutu ta intanet, da hannuna, in ba su izinin gyara ta imel ɗinsu. Ta imel fa, Dakta! In kika saki lin ɗin takardar, wato adireshinta na intanet, ga kowa, masu shiga babu akawun sunayen dabbobi kawai za ki gani a sama, ba ki san wane ne wane ba. In kin ba su izini ta imel, sai ki danna File a saman takardar, ki buɗe tarihin gyare-gyare. Kowa da launinsa, da rana, da ƙarfe nawa ya taɓa.

Bayan korona akwai yaron da ya zo yana rantse-rantse shi ya rubuta gabatarwa. Na juyo masa kwamfuta. Sau ɗaya tak ya shiga, daren da za a rufe karɓa, ya ƙara girman kanun, ya sa sunansa a saman na kowa, ya fita. Minti huɗu! Amma aka kira ni a sashe, wai ai aikin rukuni ne, a ba shi makinsa. Na ce to wahalar da na sha ina bin tarihin nan ta mece ce? Wallahi har yau abin yana min ciwo, don yarinyar da ta yi aikin ko uffan ba ta ce ba. Kai, a bar maganar.

Au, kada in yi zalunci. Wata kuma na ga ta manna shafi uku a lokaci guda, na ce shi ke nan, kwafe ne. Ashe data ce ba ta da ita, a Word ta rubuta kayanta, da ta samu intanet ta zuba. Tun daga ranar sai na kira kowane rukuni, minti biyar-biyar, kowa ya yi min bayanin sakin layin da ke da launinsa.

To, sai wani jiƙon, ina da aji yanzu.