Amsa: Me ya kai mutane Grise Fiord?

Malam, ka tambayi abin da ya kai mutane zama a Grise Fiord, can ƙuryar arewacin Kanada. Ba da son ransu ba ne. A 1953 gwamnati ta kwaso iyalan Inuit, wata ƙabila ta 'yan asalin arewacin Kanada, daga ƙauyen Inukjuak da ke lardin Quebec ta sauke su a tsibirin Ellesmere, inda Grise Fiord yake, da alkawarin dabbobin farauta, da cewa bayan shekara biyu mai so zai koma gida. Ba a cika ba. Ka duba fa, wurin da rana ke ɓacewa daga ƙarshen Oktoba har Fabrairu, kuma a tanti suka yi hunturun farko! Wannan zalunci ne. Sai 2010 gwamnati ta nemi gafara. Yau mutanen ƙauyen ba su kai 200 ba.