Ƙurajen harbis bayan shekara tara da aure: hujja ce ta cin amana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazauniyar Makka ce, wajen Shari'ul Mansur, shekarata tara da aure, 'ya'yanmu uku. Watan jiya wasu ƙuraje masu ruwa suka feso min a gabana, da raɗaɗi in na zo fitsari, har da zazzaɓi. Likita ta duba ta ce harbis ne, kuma ta kwanciyar aure ake ɗauka. Malam, ni a budurwa ya aure ni, ban san wani namiji ba. Shi ya taɓa aure a Kano kafin ni, kuma shekara biyu da suka wuce ya ƙaro bazawara. Ya rantse bai taɓa neman mata ba, kuma bai taɓa ganin komai a jikinsa ba. Gwaggona ta ce ciwon sanyi ba ya faɗowa daga sama. Na ƙaurace wa shimfiɗarsa. Shin wannan hujja ce a kansa? Ina da laifi da na hana shi kaina? In nemi saki? Abokiyar zamana fa, a gaya mata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ya sa kaffara ce.

Wannan ciwo ba hujja ba ce a kan mijinki, a shari'a ko a likitance. Zan fara da maganar likitoci, don ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake.

Ƙwayar cutar iri biyu ce, a takardar asibiti za ki ga an rubuta HSV-1 ko HSV-2. Ta farko ita ce mai fitar da ƙurajen nan a gefen leɓe bayan zazzaɓi. Yawanci tun yarinta ake ɗaukarta ta hanyar sumba ko yawu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ita. Tana iya sauka daga baki zuwa al'aura a wasan da ke tsakanin miji da mata. Ta biyu ce aka fi sani da al'aura, kuma sama da mutum miliyan 500 ke ɗauke da ita a duniya. Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne yawancinsu ba su san suna da ita ba. Ƙwayar in ta shiga jiki ta al'aura sai ta laɓe a jijiyoyin da ke gindin ƙashin baya, ta kwanta kamar garwashi a ƙarƙashin toka, shekara da shekaru. Wani ba za ta taɓa fito masa ba. Wani ya ga ɗan ƙurji ɗaya ya ɗauka aski ne ko gumi. Duk da haka takan leƙo kan fata jefi-jefi ba tare da ƙurji ba, kuma a wannan lokacin ana iya ɗauka.

To duba gidanku. Mijinki ya taɓa aure na halal kafin ke. Abokiyar zamanki ita ma ta yi aure na halal kafin shi. Ga kuma hanyar baki da na ambata. Hanyoyi uku ke nan da cutar za ta iya isowa gare ki ba tare da kowa ya saɓa wa Allah ba. Har ma yana yiwuwa ta daɗe a jikinki sai yanzu ta bayyana. Ban ce mijinki ma'asumi ne ba. Abin da na ce, rantsuwarsa da ciwonki suna iya zama gaskiya a lokaci guda.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wajen Annabi (SAW) ya ce matarsa ta haifi ɗa baƙi, yana nuni da cewa ba nasa ba ne. Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, da launinsu. Ya ce jajaye ne. Ya ce akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Ya ce daga ina ya zo? Mutumin ya ce wataƙila gado ne daga kakanni. Annabi ya ce to ɗanka ma wataƙila haka ne, kuma bai ba shi damar kore ɗan ba. Alama ce a jiki wadda ido ke gani, amma tunda akwai wata fassara mai yiwuwa, ba a rushe mutuncin mutum da ita ba. Mas'alarki ke nan. Tsarkin mijinki shi ne asali, kuma yaƙini ba ya gushewa saboda shakka. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12, mu nisanci da yawa daga zato, kada kuma mu yi leƙen asirin juna, wanda ya haɗa da binciken wayarsa cikin dare. A Suratun Nur, aya ta 4, ya sa shaidu huɗu a kan tuhumar zina, wanda ya kasa kawo su bulala 80 ce a kansa. Malikiyya ma sun tsananta, a wurinsu habaicin da kowa ya gane inda ya nufa ƙazafi ne. Wannan ya shafe ki, ya shafi Gwaggo, don haka ki roƙe ta cikin ladabi ta bar maganar. Kuma kada a juya zargin kan amarya, ita ma mutuncinta abin karewa ne.

Game da gwaji, mafi inganci shi ne a ɗebi ruwan ƙurjin tun yana sabo, shi zai nuna nau'in farko ne ko na biyu. Ki tambayi likitarki ko an yi wannan. Mijinki da ba shi da ƙurji gwajin jini zai yi, mai bambance nau'in biyu, kuma jini yakan ɗauki har wata uku ko huɗu bayan kamuwa kafin ya nuna, wani lokaci kuma yakan nuna akwai alhali babu, sai an maimaita. Babu gwajin da zai gaya muku ranar da aka kamu ko wanda ya fara kawowa, kada ku je asibiti neman alƙali. Wanda kuma ya ce ai an gwada shi kafin aure, ya sani gwajin da hukumar Saudiyya ta wajabta tun 2004 na sikila ne da talasimiya (wani ciwon jini na gado), a 2008 aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Harbis ba ya ciki.

Hana shi kanki yana da fuska biyu. Muddin ƙurajen suna nan, ko kin ji ƙaiƙayi da tsikarin da ke zuwa kafin su fito, ba ki da laifi, shi ma bai halatta ya matsa miki ba, don Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Allah ya hana kusantar mace cikin haila saboda cutarwa ce, balle ciwo a buɗe. Amma bayan kin warke, ƙauracewa don hukunta shi a kan zato ba ta da madogara. Cutar ba ta fita jiki gaba ɗaya, sai dai fitowar farko ce ta fi tsanani, na baya sukan yi sauƙi su kuma ragu. Magunguna irin su acyclovir da valacyclovir suna gajarta kwanakin ciwo, shan valacyclovir kullum bisa umarnin likita yana rage yaɗa nau'i na biyu da kusan rabi, kororon roba ma yana ragewa ko da bai kawar ba. Duk wannan halal ne.

Saki kuwa, ban ga dalilinsa ba. Aibobin da Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta lissafa na raba aure su ne hauka, kuturta, albaras da ciwon farji, kuma malaman mazhaba sun fassara na ƙarshen da abin da ke toshe saduwa ko ya ɓata ta. Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa zuwa duk aibin da ke kore ɗaya daga ɗaya ya hana manufar aure, amma ciwon da ke zuwa 'yan kwanaki ya tafi, ana zaune ana haihuwa da shi, bai kai nan ba. Da a ce ya san yana da shi ya ɓoye miki, da ya yi zunubin ha'inci kuma kina da ta cewa a gaban alƙali. Kin ce bai sani ba.

Abokiyar zamanki dole ta sani, domin shimfiɗarku ɗaya ta hanyarsa. Wajibin a kan mijinku yake, ya gaya mata a keɓe, ya kai ta ta ga likita, ba tare da ya tona sirrin jikinki fiye da buƙata ba. Abin ya fi gaggawa in tana da ciki, don hatsari mafi girma ga jariri shi ne uwa ta kamu karon farko dab da haihuwa. Ke ma in kin sami ciki ki sanar da likita tun awon farko. Sukan ba da magani daga mako na 36, in kuma ƙuraje suka fito ranar naƙuda sai a ciro jaririn ta tiyata. 'Ya'yanki ba sa ɗauka ta cin abinci tare ko banɗaki, ki dai riƙa wanke hannu bayan taɓa wurin. Wallahu a'alam.