Fili a tsohuwar masaƙa a Kakuri: da me za a fara?

Malam, ka ce kun samu fili a harabar wata tsohuwar masaƙa a Kakuri, cikin garin Kaduna, za ku gina gidaje, kana tambaya ko burtsatse za a fara ko titi. Ni dai ba ko ɗaya. A fara gwada ƙasar da ruwan ƙarƙashinta, musamman wajen rini da inda tankokin baƙin mai suka zauna. Wasu sinadaran rini na barin kuromiyom, wani ƙarfe da kan iya zama guba, shi kuwa ba ya ruɓewa. Gwajin ne zai nuna inda za a kwashe ƙasa, da inda za a malale kankare a ajiye motoci. Burtsatse kam a dakata, haƙa shi na iya zurara gubar cikin ruwan sha. Magudana ma a sa mata siminti, tunda Kogin Kaduna za ta nufa. Ku leƙa KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, kafin ku nemi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar.