Na tono ƙarfe a kufai, an ce akwai jar zaiba a cikinsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Agege. Shekara biyu ke nan da na kamu da son rairayar ƙasar tsofaffin gidaje. In an rushe gida za a ɗora sabon gini, nakan roƙi masu aikin su bar ni in ɗebi ƙasar tsakar gida da ta tsohon juji, in tankaɗe ta da rariyar waya ranar Lahadi. Na tara kobo mai huji guda goma sha ɗaya, anini uku, wuri, tsakiya da 'yan kwalabe. Makon jiya a wani fili wajen Mafoluku na ci karo da wani ƙarfe mai nauyi, tsawonsa ya ɗan ɗara taƙi, kansa a tsuke, gindinsa da wasu 'yan fikafikai, duk ya yi tsatsa. Na kawo shi shago, yana ƙarƙashin teburin yanka. Wani da na tura wa hotonsa ya ce a irinsa ake samun jar zaiba, akwai Alhajin da zai saya da miliyoyi, in kai wa mai walda ya buɗe. Tun ranar barci ya gagare ni. Gaskiya ne? Kuma wannan sha'awa tawa laifi ce a doka?

AMSA

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka ƙarasa karanta wannan, fitar da yaranka daga shagon nan, ka cire dutsen guga daga wuta, ka gaya wa maƙwabtan dama da hagu, ka rufe ƙofa a hankali. Kada ka sake ɗaga ƙarfen, ko da niyyar mayar da shi inda ka samo. Kada ka zuba masa ruwa, kada ka jefa shi a kwata. Ka kira 112 ko 767, sannan ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa ka ce a turo sashen kwance bam. Na san abin da ke ranka, tsoron a ce kai ne mai laifi. Saboda haka kada ka je kai kaɗai, ka tafi da mai unguwa ko wani daga fadar Sarkin Hausawa, ka riƙe hoton da kwatancen filin.

Ban ga abin da idona ba, amma kai a tsuke, fikafikai a gindi, nauyi fiye da girma, wannan siffar harsashin ƙaramar igwa ce, irin wanda ake zurawa ta baki. Wurin da ka ambata kuma shi ya ƙara tayar mini da hankali. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin soja na Ikeja ya kama da wuta, harsasai da bama-bamai suka yi ta tashi suna sauka a unguwannin da ke kewaye. Mutum fiye da dubu suka rasu, akasarinsu a ruwan Oke-Afa inda suka faɗa cikin duhu suna gudun ceton rai. Ba duk abin da ya tashi a daren nan ne ya fashe ba. Wasu sun nutse a ƙasa, sai ranar da aka zo haƙa harsashin gini su fito. Tsatsar da ka gani ba alamar mutuwa ba ce. Ƙarfen waje ne ya ruɓe, maganin ciki yana nan, kuma ƙullin da ke tsare kunamarsa ya fi rauni yau a kan ranar da aka ƙera shi.

Yanzu mu zo ga jar zaiba, don wallahi na gaji da ita. A shekarun da na yi ina aikin kayan tarihi, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini wannan magana ba, kuma masu kawo ta ba jahilai ba ne, har da masu digiri da masu rawani. Babu wani abu mai suna jar zaiba da ake samu a cikin tsohon ƙarfe. Zaiba ta gaskiya fara ce kamar narkakkiyar azurfa, wadda kake gani a tsohon ma'aunin zafin jiki. Dutsen da ake narko ta daga cikinsa ja ne, gaskiya, amma dutse ne na ma'adini da masu rini da fenti suka sani tun zamanin da, ba ya jawo kuɗi, ba ya kiran aljani. Labarin ya yi ƙarfi ne a ƙarshen zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da 'yan damfara suka riƙa tallata wani jan sinadari wai na haɗa makamin nukiliya. Duk samfurin da hukumomi suka kama suka auna, sai a tarar ko zaiba ce da aka rina, ko wani gari marar amfani. Daga nan ƙaryar ta riƙa sauya riga. A 2009 ta sauka Saudiyya a kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta sayen keken da bai kai komai ba da dubban riyal, har ana fasa shagunan teloli, wai in ka kara waya kusa da allura sabis ya ɗauke, to akwai ta. Kai tela ne, ka fi ni sanin abin da ke cikin kan keke, mai ne da zare da ƙura. A nan gida kuma ta koma kan dutsen guga na gawayi, tsohuwar fitilar ƙwai, rediyon kaka da agogon bango.

Dubi yadda wasan yake. Mai cewa akwai mai saye daban, mai sayen daban, kuma Alhajin nan ba ya taɓa zuwa, kullum yana Dubai ko yana hanyar Kwatano. Kafin ya iso sai an kawo mai gwaji, mai gwaji kuma sai an biya shi. Zai zo da tafarnuwa da madubi da zoben zinariya, ya ce ta gaske tana gudun tafarnuwa, tana bin zinariya, ba ta fitowa a madubi. Bidiyon da ake turawa a WhatsApp na wannan gwaji haɗi ne, yaro mai waya mai kyau zai yi maka irinsa kafin la'asar. An taɓa kawo mini wata 'yar kwalbar allura a naɗe cikin auduga da ƙyalle har ninki uku, mai ita ya sayar da babur ɗinsa ya saye ta. Ina buɗewa ƙamshin jan farce ya bugi hancina. Bawan Allah nan bai yarda ba, ya ce ni ne ban da idon gani, ya naɗe abarsa ya fita. Wani kuma ya zo da dutsen gugar mahaifiyarsa an raba shi biyu da injin yanka. Ya rasa dutsen, ya rasa kuɗin gwaji, ya dawo yana tambayata ko ta tsiyaye ne a hanya.

Waɗannan dukiya kawai suka rasa. Naka ya fi muni, domin in ma akwai wani abu mai alaƙa da zaiba a tsohon harsashi, to sinadarin da ake sawa a kunama ne don ya tayar da fashewa, wanda gogayya ko zafi ko bugu kaɗan ke isar sa. Wato abin da mutumin nan ya ce ka nema da wutar walda shi ne ainihin abin da zai tashi da kai da mai waldar da duk wanda ya tsaya kallo. Shi kuwa yana gidansa yana jiran labari. 'Yan'uwanmu masu sana'ar gwangwani da bola-jari su suka fi kowa shiga wannan haɗari, don su ake kai wa kowane ƙarfe a ɗora a sikeli a buga da guduma. In kana da abokai a cikinsu, karanta musu wannan.

Sauran kayanka fa? Kada ranka ya ɓaci, ba za su sa ka yi arziki ba. Kobo mai huji da tauraro mai tsini shida an buga shi da yawan gaske tun daga 1907 har zuwa shekarun 1950, ya zaga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, shi ya sa ko'ina aka tona sai an gan shi. Tauraron nan da rubutun Larabci da ke jikinsa su ne 'yan tsibbu ke fakewa da su suna cewa hatimin Annabi Sulaimanu ne, alhali Turawa ne suka buga shi a masana'antar Ingila. Abu ɗaya zan ce ka duba. Aninin farko, na 1907 da wani ɓangare na 1908, da sanholo aka yi shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma danshi na cinye shi, shi ya sa aka sauya ƙarfen. In ɗaya cikin ukun nan naka haka yake, ka samu abin nuna wa baƙi. Ka wanke su da ruwa da tsohon buroshin haƙori kawai, ka shanya su sosai, kowanne a 'yar ambulan ta takarda. Ban da ruwan batir, ban da lemon tsami, ban da gogawa da yashi. Duhun da ke jikin tsohon kuɗi kariya ce gare shi, in ka goge ya yi ƙyalli ka kashe shi.

Ni abin da ya fi burge ni a wasiƙarka shi ne wuri da tsakiya da kwalabe daga Agege. Unguwar nan jirgin ƙasa da cinikin goro suka raya ta, layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fatakenmu suka yi zango suka zauna. Jujin gidan wani fatake na wancan lokaci zai gaya maka me suka ci, da me suka yi ciniki, a wace tukunya suka yi girki. Amma sai in an san daga ina abu ya fito. Ka sayi littafi na naira kaɗan, duk abin da ka samu ka rubuta titi, gida, zurfin ƙasa, da abin da ke kusa da shi, ka ɗauki hoto kafin ka ɗaga. Tsingaro ma kada ka zubar, mu a wajenmu bakin tukunya mai zane ya fi kobo goma magana. Tsofaffin kayan tagullar nan na garin Igbo-Ukwu a jihar Anambra, mai haƙa rijiyar tara ruwa a gidansa ne ya fara cin karo da su, kwalekwalen Dufuna a Yobe kuma makiyayi ne mai haƙa rijiya ya same shi a 1987, aka auna aka ga ya kai shekara wajen dubu takwas. Da sun farfasa sun kai kasuwa, da ba wanda ya san komai.

Batun doka a taƙaice. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa don neman kayan tarihi sai da izininta, ta ce wanda ya tsinci irinsu ya sanar da ita da ƙaramar hukuma, ta hana saye da sayarwa sai ta hannun wakilin da ta amince da shi, ta hana fitarwa waje ba takarda. Aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da take nufi. Tankaɗe ƙasar da magina suka riga suka kwashe, da yardar mai fili, ba shi ne abin da ake farauta ba. Ranar da ka ɗauki diga ka fara bin rami da kanka, ko ka samu mutum-mutumi ko kayan tagulla ka sa a kasuwa, ka shiga hurumin doka. Gidan tarihi na Onikan yana nan tun 1957, kai musu hotuna. Ba zan ɓoye maka ba, za ka iya zuwa sau biyu a ce mai duba kayan ya fita taro, a ce ka rubuto takarda, takardar ta kwana wata uku a tire. Wannan jan ƙafa na ofis shi ke tura mutane hannun dillalai, kuma yana ƙona mini rai. Duk da haka ka karɓi shaidar cewa ka kai rahoto, ka adana.

Yardar leburori ba yardar mai fili ba ce, kuma ka san Legas da rigimar 'yan ƙasa a kan fili, ka nemi mai gidan da kansa. Yarabawa da yawa suna binne iyayensu a cikin gida, don haka in rariyarka ta kamo ƙashi, tsaya nan take ka kira masu gidan. Ka sa safar hannu da takalmi mai rufi, ka yi allurar tetanos, ka yayyafa wa ƙasa ruwa kafin tankaɗe saboda ƙura. Kada ka kai ƙasar gida inda yara ke rarrafe, musamman ta wurin da aka taɓa gyaran batir. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar dutsen da iyaye ke kaiwa gida suna niƙawa ta shiga.

In 'yan sanda sun zo, ka raka su har filin Mafoluku ka nuna musu daidai ramin, domin inda aka samu ɗaya ana iya samun na biyu, kuma magina suna can suna sara da diga. Mutumin da ka tura wa hoto kuma kada ka gaya masa inda shagon yake. In ya riga ya sani, ka sa wani ya zauna daga nesa yana kallon ƙofar har masu kwancewa su iso.